Cikon Benci a Motar Kafancan

Da aka rufe masaƙar da nake aiki a Kakuri, na yi dako, na yi gadi, na tura baro. Da rikici ya zo ya wuce, ɗakina na Makera ya tsira, baron bai tsira ba. Daga nan na koma wata tashar mota da ke kan hanyar Kaciya, kusa da Unguwar Boro, na zama ɗan cikon benci.

Ga yadda aikin yake. Fasinja ba ya son shiga motar da babu kowa. In ya leƙa ya ga kujeru wayam, sai ya ja jakarsa ya koma bakin titi ya tari wata. Saboda haka da an sa mota a lodi, 'yan kamasho sukan zuba mu a ciki, mu biyar ko shida, mu zauna kamar matafiya. Fasinjan gaskiya ya zo, ya ga saura kaɗan, ya biya ya shiga. Can sai ɗayanmu ya ce zai je ya kama ruwa. Ya sauka, ba zai dawo ba. Haka za a yi ta yi har motar ta cika da masu tafiya da gaske, mu kuma mu koma ta bayanta.

Shekara huɗu ina zama a motar Kafancan. Ban taɓa wuce Maraban Rido ba.

Akwai maganar da aka koya mana. In fasinja ya tambaye ka ina za ka, ka ce Kafancan, ka ƙara da cewa yau za ka dawo, sauri kake yi. Jin haka yana kwantar musu da hankali. Na faɗe ta ban san iyaka ba, kuma ba na jin komai in na faɗa.

Wata Asabar a ƙarshen damina, wajen ƙarfe bakwai na safe, wata mata ta shigo tasha riƙe da hannun wani tsoho. Fararen kayan asibiti ne a jikinta, ta ɗora rigar sanyi a kai. Tsohon dogo ne, siriri, da hular ulu da sanda da takalmi sau-ciki wanda ya sha goga. Mutanen Filato ne, daga Hausarsu na gane. Tun daga ƙofa suke musu.

"Dadi, mu bari sai wani satin."

"Wani satin ruwa ya ragu. Bara ma haka kika ce."

"An kira ni aiki. Ya kake so in yi?"

"Ki tafi aikinki. Ni ba jariri ba ne."

Ta leƙo cikin bas ɗin tana duban fuskoki. Ni ne a bakin ƙofa, ni ne kuma mai furfura. Ta gaishe ni.

"Malam, don Allah ina za ka?"

"Kafancan. Yau zan dawo, sauri nake yi."

Bakina ne ya faɗa, kamar kullum. Sai na ga fuskarta ta saki.

"Ka san Matsirga? Inda ruwa yake faɗowa daga kan dutse, kafin a shiga Kafancan?"

"Na sani."

Ban san ko gari ne ko kasuwa ba.

Ta ce mahaifinta ne. Wurin kawai yake son gani, ba shi da kowa a can. Ta roƙe ni in sauka tare da shi, in kai shi, in dawo da shi, in ba zai ɓata min uzurina ba. Kafin in buɗe baki ta ɗora min jakar leda a cinya, da kular abinci da gorar ruwa da ƙullin alawa a ciki.

"Ciwon suga gare shi. In ka ga yana gumi, hannunsa yana rawa, ka ba shi alawa biyu. Allurarsa ta yamma tana wurina, sai a cikin sanyi ake ajiye ta, kuma idonsa ba ya gani ya ja maganin da kansa. Shida da rabi ake yi masa. In an makara sosai, bakwai. Kar ya wuce haka, Malam. Zan zo nan in jira ku da ita."

Ta ɗan rusuna, ta ce amana ta ba ni. Ta gyara wa tsohon hula, ya ture hannunta. Ta fita da sauri ta tari keke.

Ba a daɗe ba mota ta kusa cika. Abokan zamana suka sauka ɗaya bayan ɗaya, saura ni. Babban ɗan kamasho ya zo ya bugi jikin mota sau biyu. Alamarmu ke nan.

"Malam, ana nemanka a ofis."

Ban motsa ba.

"Kai, kurma ka zama? Na ce ana nemanka."

"A ce ba na nan."

Ya zuba min ido. Ga fasinja a bayansa da jaka, yana jiran kujerata. Tsohon nan bai ko juyo ba, ya miƙa kuɗi ta kaina ya ce, "Kujerarsa ni zan biya. Wancan ya jira ta gaba."

Ɗan kamasho ya karɓa, ya dube ni sama da ƙasa, da silifas ɗina da wayar ƙarfe ta ɗaure, ya fashe da dariya.

"To Alhaji matafiyi, Allah ya kiyaye hanya. A taho mana da tsaraba."

Ba wai ni mutumin kirki ba ne. Na sha sauka in bar mace mai ciki tana gumi a mota, ta ɗauka yanzu za a tashi. Amma ba wanda ya taɓa damƙa min mutum a hannu ya juya baya ya tafi. In na sauka, ƙarfe shida da rabi za ta zo ta same ni a kan benci ina shan rake. Wannan ne ban iya ba.

Aka rufe ƙofa. Muka wuce Maraban Rido, muka wuce Kujama. Daga nan duk abin da na gani sabo ne. Gonakin dawa sun fi mota tsayi. Duwatsu manya baƙaƙe, an ɗora wani kan wani kamar da hannu. A lokacin ban iya karatu ba, allon hanya bai gaya min komai ba. Na riƙe jakar da hannu biyu.

Bayan Kasuwar Magani tsohon ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Shekara nawa kana wannan aikin?"

"Wane aiki?"

"Mai tafiya ba ya zama da ƙafa ɗaya a waje. Ba ka da jaka. Ba ka sayi ko ruwa ba. Ba ka tambayi direba yaushe za a tashi ba. Shekara talatin na yi a jirgin ƙasa ina duba tikiti, na san fuskar mai tafiya."

"To me ya hana ka gaya mata, Baba?"

"Da na gaya mata, da yanzu ina gida ina kallon bango."

"Ban san hanya ba fa."

"Ni na sani."

Ya ba ni labari a taƙaice. Yana saurayi, farkon kama aikinsa, ruwa ya yanke layi a gaba, aka tsayar da jirginsu a daji kusan wuni guda. Suna jin wata ƙara daga nesa kamar wani jirgin yana tahowa, amma ba ya isowa. Shi da abokan aikinsa uku suka bi ƙarar da ƙafa, suka iske ruwan, suka tuɓe suka yi wanka. Sau ɗaya ke nan. Sauran ukun duk sun mutu. Likita ya ce idonsa na hagu ya tafi, na dama yana bin sa.

"Shi ke nan dalilin?"

"Wani dalilin kake so?"

Ban so ba. Ya isa.

Hanya ta yi tsawo. Ramuka, shingayen jami'an tsaro, a tsaya a leƙa a wuce. A Kaciya aka tsaya mata suka kewaye mota da dafaffiyar masara da gyaɗa. Na buɗe kula na sa shi ya ci kaɗan, ya ce ni ma in ci, na ci. Daga nan ƙanshin ɗanyar citta ya fara shigowa ta taga, ana haƙar ta fari a gonaki. Muka wuce Zonkwa. Wajen ƙarfe sha ɗaya direba ya ɗaga murya.

"Masu Matsirga, mararrabar tana gaba kaɗan. Akwai 'yan acaba a wurin."

"A'a," in ji tsoho. "Ka sauke mu inda layin dogo ya zo kusa da titi."

"Baba, jirgi ya daɗe rabonsa da nan fa. Daji ne."

"Kafin a haife ka nake bin layin nan."

Direba ya dube ni ta madubi. "Malam, kai ne ɗan rakiya. Me ka ce?"

A nan ne na yi kuskure, kuma nawa ne, ba na tsohon ba. Abin da ya kamata in yi shi ne in tambaya: daga mararraba minti nawa, daga layin dogo minti nawa. Amma wanda ya yi shekara huɗu yana cewa ya san hanya, tambaya tana yi masa nauyi a gaban mutane. Na ce, "Yadda ya ce."

Aka sauke mu. Mota ta tafi.

Layin yana nan, amma sai ka sa ƙafa ka lalubo shi. Ciyawa ta kai ƙirji. Tsakuwar da ke tsakanin ƙarafunan tana shiga silifas ɗina. Tsohon yana gaba, yana bugun ƙarfe da sandarsa yana tafiya, kansa a sama kamar mai shiga gidansa. Ya ce da mun sha kwanar can za mu ji ruwa. Muka sha kwanar, ba mu ji komai ba sai kukan tsuntsaye. Ya ce ta gaba ce. Muka sha ta gaba.

Rana ta zo tsaka. Na lura sandar ta daina bugun ƙarfe daidai. Na sha gabansa na dube shi. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, hannunsa yana rawa a kan sanda.

"Zauna."

"Saura kaɗan."

"Na ce zauna."

Na zaunar da shi a gindin wata ɗorawa, na ɓare alawa biyu na sa masa a baki, na ba shi ruwa. Na cire masa hular ulun nan, ban san me ya kai ta wannan rana ba. Muna nan wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa ce. Ya gyara murya.

"Lafiya lau. Muna dab da isa. Ee, na ci. Malam yana nan, mutumin kirki ne."

Da ya kashe na ce, "Ƙarfe nawa a wayar?"

"Sha biyu da kwata."

"In ɗaya ta yi ba mu ji ruwa ba, za mu juya."

"Kai ne za ka juya ni?"

"Ni. Na ɗauki dilar atamfa da ta fi ka nauyi sau biyu."

"Ba ka da ladabi."

"Ba shi aka ba ni in riƙe ba."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Da ya miƙe, gwiwarsa ta ƙi. Ban tsaya shawara ba, na durƙusa na juya masa baya. Ya hau. Ba shi da nauyi, ƙashi ne da riga. Na rataya jakar a wuya, shi ya riƙe sandarsa a gicciye a ƙirjina, muka ci gaba. Yana ta faɗin sunayen tashoshin jirgi a kunnena, daga Kaduna zuwa Kafancan, a jere, ba ya tsallake ko ɗaya. Ban hana shi ba. Muddin yana magana na san da ransa.

Can muka ga wata mata a gonar citta, ta sunkuya da fartanya. Na yi mata sannu da aiki. Ta miƙe ta dube mu, ƙato da tsoho a baya, sun fito daga cikin ciyawa.

"Daga ina haka?"

"Ruwan Matsirga muke nema."

"Ta nan? Ko shanu sun daina bin nan." Ta riƙe ƙugu tana dariya. "Baba, wa ya nuna muku wannan hanyar?"

"Wannan," in ji tsoho daga bayana, yana taɓa kaina.

Ban musa ba. Ta ce mun ma fara wucewa. Ta nuna mana wata siririyar hanya ta gefen gonarta, mu bi ta mu gangara, kar mu taka mata citta. Muka bi. Ba mu yi nisa ba ya matse min kafaɗa.

"Tsaya. Ka ji?"

Na ji. Kamar injinan masaƙa in duk an tayar da su lokaci ɗaya, ka ji su a ƙafarka kafin kunnenka.

Ya ce in sauke shi, ba zai isa wurin a bayan mutum ba. Na sauke shi, na riƙe masa gwiwar hannu, muka gangara a hankali. Dutsen yana da santsi. Sai ga shi.

Ni kogin Kaduna na sani, mai tafiya a kwance, ja kamar kunu. Ban taɓa ganin ruwa a tsaye ba. Yana zubowa daga saman dutse fari fat, a rarrabe, ya faɗa cikin rami ya tashi kamar hayaƙi. Tun daga nesa yake jiƙa fuska. Wurin sanyi kamar an buɗe firji. In za ka yi magana sai ka yi ihu. Na tsaya da jakar leda a wuya, na manta da ita.

Tsohon ya nemi dutse ya zauna inda ruwan ya kwanta. Na cire masa takalmi da safa, na naɗe masa ƙafar wando, ya tsoma ƙafafunsa. Ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya ɗaga kai ya duba da na dama, ya daɗe.

"Na ɗauka ya fi haka tsayi," ya ce da ƙarfi.

"Mu koma ke nan?"

"Kai, rufe min baki."

Na bar shi. Na yi alwala a gefe, na shimfiɗa rigata a kan dutse na yi azahar. Da na idar na ga ya riƙe hularsa a hannu yana magana shi kaɗai, ban matsa in ji ba. Akwai wasu samari da 'yan mata a can gefe, da kayansu masu tsabta, suna ɗaukar hoto. Ba wanda ciyawa ta taɓa a cikinsu. Na je na tambayi ɗaya ta ina suka zo. Ya nuna min sama. 'Yan acaba uku ne zaune a kan baburansu a inuwa. Daga nan zuwa titi, in ji shi, minti goma.

Na dawo na gaya wa tsohon.

"Da can babu wannan hanyar," ya ce.

Na ba shi sauran abincin ya cinye. Da na ga inuwar dutse ta fara juyawa na ɗauko safarsa.

"Minti goma kawai."

"Ka gani?"

"Na gani."

"To kawo ƙafa."

'Yan acaba suka ce a wannan lokacin duk motar Kaduna da za ta wuce ta mararraba cike take, gara mu shiga Kafancan mu hau a tasha. Na sa tsohon a tsakiya, ni a baya na riƙe shi. Uku saura muka isa. Na auna a kaina. Da safe awa huɗu muka yi a bas. In uku ta wuce mu a tashar nan, bakwai za ta same mu a hanya.

Tun kafin mu sauka daga babur 'yan kamasho suka taso.

"Kaduna! Kaduna! Saura mutum biyu! Baba, kawo sandarka, yanzu za a tashi!"

Bas ce babba, a ido ta cika, kujera biyu kawai a buɗe. A gefenta ƙaramar mota mai cin mutum shida, mutum uku a ciki. Tsohon ya nufi bas ɗin. Na kama rigarsa.

"Jira."

Na tsaya na duba mutanen da ke ciki. Ba mai tsaki. Ba mai duba agogo. Ba wanda ya taka kayansa da ƙafa don kar a ja. Biyu suna raba goro ɗaya kamar sun saba. Wani a bakin ƙofa, ƙafarsa ɗaya a ƙasa. A bayan motar, inda ake loda kaya, buhu ɗaya ne tak. Na duba ƙaramar. Wani mutum yana zagin direba, wata mata tana fifita da katin asibiti, ta uku ta rungume kaji biyu a kwali.

"Wannan za mu shiga."

"Waccan saura biyu, Malam. Mu ne biyun."

"Baba, layin dogo naka ne. Nan nawa ne."

Ɗan kamashon bas ya biyo mu. "Alhaji, ba ka ga ta cika ba? Wannan sai magariba."

"Mutum nawa ne naka a ciki, goma ko sha ɗaya?"

Ya tsaya. Ya dube ni, ya dubi silifas ɗina.

"Ɗan gida ne ashe."

"Ɗan gida ne."

"To ɗan gida ya yi shiru."

Na zaunar da tsoho a gidan gaba. Mun zama biyar, saura ɗaya. Uku ta yi, ta wuce da kwata, ba wanda ya zo. Duk mai shigowa ƙofa, 'yan kamasho sun tare shi sun kai shi bas. Direbanmu yana kwance a benci, ya ce shi ba ya tashi da kujera a buɗe. Tsohon yana ta juya wayarsa a hannu.

A aikinmu akwai abin da ba a yi. Ba ka tona asirin mota, ko ta tasharku ko ta wata. Na san wannan sarai. Na tashi na je tagar bas ɗin. Mai buhun nan na riga na gane ta: wata dattijuwa a kujerar baya, tana ta leƙen buhunta tana duban rana.

"Mama, tun yaushe kike nan?"

"Tun ƙarfe ɗaya, ɗana. Kullum saura biyu, saura biyu."

"Ku huɗu ne masu tafiya a motar nan. Sauran aiki suke yi. Ga waccan, ke kaɗai take jira."

Wurin ya kaure. Na bakin ƙofa ya diro ya cakumi wuyan rigata. Wani ya ce maciyin amana, wani ya ce a fitar da ni daga tasha. Ban ɗaga hannu ba. Na ce da wanda ya riƙe ni, "Duba tsohon can. Allura ke jiran sa a Kaduna ƙarfe shida da rabi. In kana da uba, sake ni. In ba ka da shi, buga."

Bai buga ba, bai kuma sake ni nan take ba. Dattijuwar ce ta raba mu. Ta sauko tana faɗa da murya kamar ta mai tallar kifi, a ba ta kuɗinta da buhunta, ko ta tara musu kasuwa. Sauran ukun na gaskiya su ma suka fara tashi. Babban 'yan kamashon ya ga abin zai yi yawa, ya ce a ba ta, a rabu da mu. Ni na ɗauki buhun na kai but ɗin ƙaramar motarmu.

"Kar mu sake ganin ka a nan," in ji wanda ya yaga min wuyan riga.

"Dama ban taɓa zuwa ba."

Uku da rabi muka tashi. Ƙaramar mota ta fi bas gudu, direban kuma ya san ramukansa. Na zauna a bayan tsohon, hannuna a kan kafaɗarsa, ina jin ko zai fara gumi. Bai yi ba. Ya yi barci daga Zonkwa har Kaciya, baki buɗe. La'asar ta wuce ni a mota. 'Yarsa ta kira sau uku. A na ukun na karɓi wayar na ce mata mun wuce Kasuwar Magani, ta shirya allurarta.

Ana kiran magariba muka shiga tasha. Tana tsaye a bakin ƙofa da ƙaramin fulas a hannu. Ba ta gaishe mu ba. Ta zaunar da shi a bencin mai shayi, ta soki yatsarsa ta duba a ɗan injinta, ta ɗage masa riga ta yi allurar. Sai a lokacin ta saki numfashi. Sannan ta ga wandonsa, ciyawa ta manne har gwiwa, takalmin da ya sha goga ya koma ja. Ta ga wuyan rigata.

"Me ya faru?"

Tsohon ya buɗe baki zai fara. Na riga shi.

"Ni ba matafiyi ba ne. A tashar nan nake aiki, zama nake yi a mota don a ga kamar ta cika. Ban taɓa zuwa Kafancan ba sai yau. Ban san Matsirga ba lokacin da na ce miki na sani. Mun ɓata hanya, jikinsa ya yi rawa sau ɗaya, na ba shi alawa biyu. Ya ci abincinsa duka."

Ta daɗe tana dubana. Sannan ta rufe fulas ɗin.

"Da ka faɗa min da safe, da ban bar shi ba."

"Na sani."

"Ni ma na sani," in ji tsoho.

"Dadi, kai kuma za mu yi magana a gida." Ta zauna kusa da shi. "Ka ga ruwan?"

"Har ƙafa na sa a ciki."

Ta sunkuya ta fara cire masa ciyawar daga wando, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, kar ka sake yi wa wata haka."

"To."

"Na gode."

Ta miƙar da shi. Ya ba ni hannu, ya riƙe nawa ya ɗan jijjiga. Suka nufi bakin titi, yana tafiya da ƙafarsa, tana faɗa, yana amsawa. Na tsaya har na ga sun shiga keke, sannan na tafi na rama la'asar na yi magariba.